Palmer da Iyalan Mayo: Tarihin da Ya Kamata Mai Ciwon Baya Ya Sani

Idan ciwon baya ya hana ka barci har aka ba ka shawarar neman asibitin kairofaraktik, wato masu gyaran ƙashin baya da hannu, yana da kyau ka san asalin sana'ar kafin ka kwanta a gadonsu.

Ta samo asali ne a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, a shekarar 1895. Daniel David Palmer, wanda bai taɓa karatun likita ba, ya danna bayan wani mai shara da ake kira Harvey Lillard, mutumin da ya daɗe ba ya ji sosai, sannan ya yi shelar cewa jinsa ya dawo. A kan wannan ya gina ra'ayin cewa galibin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke tasowa, domin yana danne jijiyoyi. Ya buɗe makaranta a 1897, a 1906 kuma aka ɗaure shi bisa laifin yin magani ba lasisi. Jihar Kansas ta fara amincewa da sana'ar a 1913, amma Louisiana sai a 1974. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi shekaru tana yaƙar su, har wata kotun tarayya ta same ta da laifin haɗa baki don durƙusar da su a 1987. Ka lura, hukuncin a kan dokar gasar kasuwa aka yanke shi. Bai tabbatar da ra'ayin Palmer ba.

A maƙwabciyar jiha, Minnesota, wani tarihin ne ke tafiya a zamani guda. Bayan guguwar da ta ragargaza garin Rochester a 1883, wasu mata masu zaman zuhudu suka gina asibitin Saint Marys, aka buɗe shi a 1889, likita William Worrall Mayo da 'ya'yansa biyu suna duba marasa lafiya. Da aiki ya yi yawa suka riƙa jawo wasu likitoci, kowa da fanninsa. A 1907 ɗaya daga cikinsu, Henry Plummer, ya tsara fayil guda ga kowane majinyaci, mai lamba ɗaya, wanda duk likitan da ya gan shi zai rubuta a ciki. Wannan ne ginshiƙin asibitin haɗin gwiwa. A ganina, fayil ɗin ya fi ginin muhimmanci.

Dalilina daga ɗakin magani yake. Bincike ya nuna cewa gyaran baya da hannu kan sauƙaƙa ciwon ƙugu na yau da kullum, gwargwadon yadda motsa jiki ko gashin ƙashi ke yi, amma babu hujjar cewa yana warkar da asma ko hawan jini. Sai dai mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko wanda ya daɗe a kan prednisolone har ƙashinsa ya yi rauni, dannar da ba ta cutar da wani ba tana iya jawo masa zubar jini ko karaya. Murɗa wuya ma, ko da yake ba kasafai ba, an danganta shi da yagewar jijiyar jini da shanyewar ɓarin jiki. A ƙasashenmu kuwa akwai tarin fuka na ƙashin baya, wanda yakan fara kamar ciwon baya kawai. Wanda bai ga fayil ɗinka ba, yaya zai san da waɗannan?

Saboda haka idan ka je, nemi ganin takardar rajistarsa. Duba ko ya tambaye ka magungunan da kake sha, kuma ka tambaye shi wane likita yake tura wa majinyaci idan abu ya fi ƙarfinsa. Kada sunan haɗin gwiwa a allon ƙofa ya ruɗe ka, domin wasu haya kawai suka haɗa, kowa da katinsa. Idan kuwa ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, to ka wuce babban asibiti a ranar, ka tafi da duk kwalayen magungunanka.