Ebbets Field: Yadda Brooklyn Ta Rasa Filinta da Ƙungiyarta

Makalar wannan mako za ta kai mu Amurka, wajen wasan da yawancinmu ba mu san shi ba sai a fim, wato besbol. Ni mai son wasan ne, kuma abin da ya fi jan hankalina a tarihinsa shi ne tsofaffin filayensa, musamman Ebbets Field na Brooklyn a birnin Niyu Yok, wanda aka rushe shekara sittin da 'yan kai da suka wuce amma har yau ana rubutu a kansa.

Ga wanda bai san wasan ba, kowane ɓangare mutum tara ne. Mai jifa ya wurgo ƙwallo, mai riƙe da gora ya make ta, ya ruga ya zagaya zango huɗu, in ya dawo inda ya taso an ci ɗaya. Tazarar zangunan iri ɗaya ce a ko'ina, amma katangar da ta kewaye fili ba ta da awo guda. Shi ya sa tsofaffin filayen suka bi siffar unguwannin da aka gina su a ciki. A Fenway Park na Boston titi ya matse ɓangaren hagu, sai aka tayar da katanga mai tsawon ƙafa 37 a wurin.

Da farko da katako ake yin wuraren zaman 'yan kallo, gobara kuwa ba ta bar su ba. Polo Grounds na Niyu Yok ma ya ƙone a 1911. Daga 1909, da aka buɗe Shibe Park a Philadelphia, masu ƙungiyoyi suka koma ƙarfe da siminti. A wannan zubin aka samu Fenway a 1912, Ebbets a 1913, da filin Shikago da yanzu ake kira Wrigley Field a 1914.

Charles Ebbets, wanda filin ya ci sunansa, ya fara ne a matsayin ƙaramin ma'aikacin ƙungiyar mai sayar da tikiti, a hankali har ya mallake ta. Ya riƙa sayen fulotai ɗaya bayan ɗaya a ɓoye, a wani wuri mai juji da aladu da ake kira Pigtown, don kada masu ƙasa su farga su tsauwala farashi. Sunan ƙungiyar ma, Dodgers, daga titi ya fito: ana tsokanar mutanen Brooklyn da cewa masu kauce wa taragon da ke bin titunansu ne. Filin ƙarami ne, a shekarunsa na ƙarshe kimanin mutum 32,000 yake ɗauka, kujerun kuma dab da 'yan wasa. Da yawa daga cikin 'yan wasan a unguwannin Brooklyn suke zaune, maƙwabtan masu zuwa kallonsu. Akwai wata mata, Hilda Chester, da ta yi suna saboda ƙararrawar shanun da take kaɗawa daga cikin 'yan kallo.

Babban abin da ya faru a filin ya faru ne ranar 15 ga Afrilu, 1947. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan ƙungiyoyi suka haɗa baki, ba tare da rubutacciyar doka ba, cewa baƙar fata ba zai buga musu ba. Baƙaƙen suka kafa gasarsu, wadda Rube Foster ya assasa a 1920. Shugaban Dodgers, Branch Rickey, ya ɗauko Jackie Robinson daga Kansas City Monarchs, ya tura shi Montreal ta Kanada ya yi kaka ɗaya, bisa sharaɗin duk zagin da za a yi masa ba zai rama ba. A ranar Robinson ya fito gaban mutum sama da 26,000. Wannan ya riga umarnin Shugaba Truman na hana wariya a rundunar soja da shekara ɗaya, ya riga hukuncin Kotun Ƙoli a kan wariya a makarantu da shekara bakwai. Sai dai faɗuwar wani tashin wani: da taurari da 'yan kallo suka koma manyan ƙungiyoyi, gasar baƙaƙen ta fara mutuwa, tare da kasuwancin baƙaƙen da ke ci a ƙarƙashinta.

Dodgers sun kai wasan ƙarshe sun sha kashi a hannun maƙwabtansu Yankees a 1941, 1947, 1949, 1952 da 1953, har magoya bayansu suka saba da cewa sai baɗi. A 1955 suka ci kofin a karon farko. Shekara biyu bayan nan murna ta koma ciki.

Dalilin kuwa mota ne da ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu iyalai da dama sun ƙaura zuwa bayan gari, sai da mota za su zo kallo, filin kuwa wurin ajiye motarsa bai wuce na guda 700 ba. Mai ƙungiyar na lokacin, Walter O'Malley, ya nemi hukuma ta taimaka masa ya samu wani wuri a mahaɗar titunan Atlantic da Flatbush. Robert Moses, mai wuƙa da nama a kan gine-ginen birnin, ya ƙi, ya ce sai dai a Queens. Los Angeles kuwa ta yi tayin ƙasa mai faɗi. Ranar 24 ga Satumba, 1957 aka buga wasan ƙarshe a Ebbets, mutum 6,702 kacal suka halarta. A Fabrairun 1960 aka fara rusau, da ƙaton ƙarfen da aka yi wa fenti kamar ƙwallon besbol. Benayen haya ne a wurin yanzu. Har gobe ana gardama a kan wanda ya fi laifi tsakanin O'Malley da Moses. A ganina kowannensu ya tsaya a kan lissafinsa, kuma babu mai sayen tikiti a cikin lissafin ko ɗaya.

Akwai ɓangaren da masu kukan Brooklyn suka cika tsallakewa. Ƙasar da aka ba ƙungiyar a Kaliforniya, Chavez Ravine, unguwanni ne na iyalai 'yan asalin Meziko. An fara tashinsu a farkon shekarun 1950 da alƙawarin gidajen gwamnati, aka soke aikin, sannan a Mayun 1959 jami'an tsaro suka fitar da waɗanda suka rage da ƙarfin tsiya. A kan wannan ƙasa aka buɗe Dodger Stadium a 1962. Brooklyn ta rasa wurin nishaɗi, su kuwa muhalli suka rasa.

To me ya sa duniya ta fi jin kukan Brooklyn? Saboda ta samu marubuta. Roger Kahn, wanda ya yi wa jarida rahoton ƙungiyar, ya bi tsofaffin 'yan wasan har gidajensu, ya fitar da The Boys of Summer a 1972. Doris Kearns Goodwin, wadda ta zama fitacciyar masaniyar tarihi, ta rubuta a littafinta na 1997 yadda mahaifinta ya koya mata rubuta sakamakon wasa tana 'yar shekara shida, in ya dawo daga aiki ta ba shi labarin wasan daki-daki, kuma daga nan ta koyi ba da labari. Chavez Ravine kuwa, hotunan da Don Normark ya ɗauka a 1949 sai da suka shekara hamsin kafin su fito a littafi.

'Yan uwa, kowannenmu ya san wata tsohuwar silima, ko kasuwa, ko filin dambe da aka mayar da shi shaguna a garinsu. Dattawan da suka san wurin suna nan da ransu, amma ba za su dawwama ba. A je a zauna da su, a tambayi sunaye da shekaru, nawa ake biya a ƙofa, wa ke sayar da abinci a bakin wurin, wa aka tasa kafin a gina shi. A rubuta, ko shafi biyu ne. Allah ya yi mana jagora, sai mako mai zuwa in muna da rai.