Jirgin Kilo Biyar da Ya Tsallaka Tekun Atilantika

Da yammacin 9 ga Agusta, 2003, a Cape Spear da ke tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, aka cilla wani ɗan jan jirgi sama da hannu. Faɗin fikafikansa bai cika mita biyu ba, kuma an ƙera shi ne da balsa, wani katako marar nauyi. Ƙasar Ailan ya nufa.

Maƙerinsa Maynard Hill, Ba'amurke masanin ƙarafa, yana da shekara 77 a lokacin. Ido ya kusa mutuwa, kunne ma ya yi nauyi, har sai da ya riƙa zuba jan rini a cikin gam don ya ga inda ya shafa.

Abin da ya ɗaure masa hannu shi ne ƙa'idar hukumar wasannin jiragen sama ta duniya, FAI: ba za ta karɓi bajintar ba sai in nauyin jirgi, har da man da ke cikinsa, bai wuce kilo biyar ba, girman injinsa kuma bai zarce cc 10 ba. To, yaya za a ci kilomita dubu uku da wannan ɗan guziri? Hill ya yi shekaru yana gyaran inji don ya koyi tsimi, ya kuma zaɓi man fitilar Coleman, ya gauraya shi da ɗan man gyaran inji. Kusan rabin nauyin jirgin mai ne. A ganina nan gwanintar take. Sauran duk dabarun zamani ne da kuɗi ke iya saye.

Teku ba ta yi masa sassauci ba. Jirage uku ta haɗiye a 2002, na huɗu ya bi su a 2003. Na biyar ɗin, TAM-5, shi ne aka raɗa wa suna Spirit of Butts' Farm, don tunawa da gonar da aka yi gwaje-gwaje a jihar Maryland.

Da rimot aka tashe shi, sannan aka miƙa ragama ga na'urar tuƙi mai bin GPS, jirgin yana aiko da labarin inda yake ta tauraron ɗan Adam. Ana tsakiyar tafiya saƙo ya ɗauke na kusan awa uku, jama'a suka fara fid da rai. Can sai ga shi ya dawo.

Ranar 11 ga Agusta, bayan awa 38 da minti 52, wani matuƙi mai suna Dave Brown ya karɓi tuƙi da rimot ya sauke shi a Mannin, kusa da Clifden, yankin da matuƙan jirgin sama Alcock da wani Brown daban suka sauka a 1919 bayan tsallakar Atilantika ta farko ba tsayawa. Ya ci kilomita 3,028, man da ya rage kuwa ba zai kai awa guda ba.

Hill ya rasu a 2011. Jirgin yana gidan tarihin ƙananan jirage da ke Muncie, a jihar Indiana.