Mita 19, mita 49: yadda ake auna wayar eriya a ƙasar Daura

A garuruwa da ƙauyukan masarautar Daura, ba baƙon abu ba ne a ga siririyar waya ta fito daga tagar zaure ta haye bishiyar darbejiya, ko an ɗaure ta a kan gora a saman soro.

Wannan waya eriya ce, kuma masu sauraron gajeren zango ne ke ƙara ta a jikin akwatin rediyo domin murya ta fito tangaram.

Ƙananan hukumomin masarautar biyar, wato Daura da Baure da Mai'adua da Sandamu da Zango, suna dab da iyakar Jamhuriyar Nijar, kuma tun kafin yaɗuwar tashoshin FM da gajeren zango jama'arsu ke jin labarin duniya. BBC ta soma shirye-shiryen Hausa a 1957, Deutsche Welle a 1963, Muryar Amurka a 1979, RFI kuma a 2007.

Amfaninsa ya sake fitowa fili lokacin da gwamnatin sojan Nijar ta dakatar da RFI a watan Agustan 2023, sannan BBC na tsawon wata uku a Disamban 2024. Umarni irin wannan yana rufe tashar FM da ke cikin ƙasa, amma ba ya tare siginar da ta taso daga nesa.

Ma'anar mita

Masu sauraro da yawa sun haddace mitocin da mai gabatar da shiri ke karantowa, ba tare da sanin cewa awo ne na zahiri ba, wanda tef ɗin tela zai iya aunawa.

Siginar rediyo tana tafiya ne kamar igiyar ruwa, da gudun kimanin kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Tazarar da ke tsakanin kan igiya ɗaya da na mai bi mata ita ce mitar da ake faɗa. Idan aka raba 300 da lambar megahaz da ke rubuce a fuskar akwati, sai a samu wannan tazara.

Alal misali, Rediyon Najeriya Kaduna ya daɗe yana watsa shirye-shirye a kan kilohaz 6090, wato megahaz 6.09. Raba 300 da wannan lamba yana ba da mita 49 da 'yan kai.

A nan sirrin eriya yake: waya ta fi karɓar sigina idan tsawonta ya kai rabin wannan tazara.

Eriya mai hannu biyu

Mafi sauƙin eriyar da aka auna ita ce mai hannu biyu, irin wadda Bajamushe Heinrich Hertz ya yi gwaji da ita a wajejen 1887. Wayoyi biyu ne masu tsawo ɗaya, ɗaya ta nufi dama, ɗaya hagu, ba sa taɓa juna a tsakiya, kuma daga tsakiyar ne kebul ke saukowa zuwa akwati.

Ƙa'idar awon ita ce a raba 143 da lambar megahaz. Da lissafi kaɗai 150 ya kamata a raba, to sai dai waya ta zahiri takan buƙaci ragin kimanin kashi 5 cikin ɗari.

Don haka mai neman tasha a kan megahaz 15.4, cikin mita 19, yana buƙatar waya mai tsawon mita 9.3, kowane hannu mita 4.65. Mita 49 kuwa tana cin waya kusan mita 23 da rabi, wadda ba kowane tsakar gida a cikin birnin Daura ne zai ɗauka ba. Inda fili ya yi kaɗan, akan ɗaga tsakiyar a kan gora ɗaya, a sauko da hannuwan biyu ƙasa-ƙasa kamar rufin bukka.

Kayan aikin ba su da tsada. Wayar tagulla ta wayarin ɗin gida ta wadatar, guntun bututun roba kuma shi ne zai raba waya da igiyar da aka ɗaure ta da ita. Kebul ɗin dish da ake sayarwa a kasuwa ya yi sa'ar dacewa, domin an ƙera shi a kan awon om 75, ita kuma wannan eriya tana wajejen om 73.

Kazalika eriyar ta fi ji ta gefenta, ba ta bakin hannuwanta ba. Tashar tsibirin Ascension da ke tekun Atlantika, wadda BBC ta buɗe a 1966 domin isar da shirye-shirye Afirka, tana kudu maso yammacin Daura, nisan fiye da kilomita 3,000. Mai son sigina daga can sai ya miƙe wayarsa daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas.

Daidaitawa

Masu rediyon sha'awa, wato waɗanda ke da lasisin aika saƙo da zantawa da takwarorinsu a wasu ƙasashe, su ne suka fi tsananta wa wannan awo. Lambar kiran na Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar kuma da 5U. Irinsu ne suka nuna wa duniya ƙarfin gajeren zango a Nuwamban 1923, lokacin da Léon Deloy a birnin Nice na Faransa ya yi musayar saƙo da Fred Schnell a Amurka.

Dalilin tsanantawar shi ne, idan eriyar mai aikawa ba ta daidaita ba, wani ɓangare na ƙarfin yana dawowa cikin na'ura ya zafafa ta. Suna da ma'auni na musamman mai nuna yawan abin da ke dawowa.

Akan yanka wayar da ɗan rara, a ɗaga ta inda za ta zauna, sannan a auna. Eriyar megahaz 7.1 takan kai mita 20. Idan ta fi dacewa a ƙasa da wannan lamba da kashi 2 cikin ɗari, to ta yi tsawo da kashi 2 ke nan, sai a rage santimita 20 a kowane hannu. Naɗe bakin wayar ya fi yanke shi, tunda abin da aka yanke ba ya dawowa.

Mai sauraro kawai ba ya buƙatar duk wannan. Waya ɗaya mai mita 10 zuwa 20 ta ishe shi, kuma kunnensa ne ma'auni. Ƙananan akwatuna ma sukan rikice idan waya ta yi tsawo, tashoshi su hau kan juna. Maganinsa shi ne a naɗa wayar mai rigar roba sau biyar ko shida a jikin eriyar akwatin, maimakon a haɗa ƙarfe da ƙarfe.

Akan ɗora wa eriya laifin da ba nata ba. Gajeren zango yana zuwa ne ta hanyar dawowa daga wani sashe na sararin sama mai suna ayonosfiya, wanda hasken rana ke sauya wa hali. Shi ya sa mita 16 da 19 suka fi aiki da rana, 31 da 41 da 49 kuma da dare da asuba. Ƙarar da ke cika akwati kuwa sau da yawa daga janareta take, ko inbatar sola, ko cajar wayar salula, kuma nesanta eriya da su ya fi ƙara mata tsawo amfani.

Haɗari

Ba a ratsa eriya ta sama ko ta ƙarƙashin wayar lantarki, ko da an yi kwanaki babu wuta.

Lokacin hunturu, busasshiyar iska mai ƙura takan tara lantarki a jikin doguwar waya har ya lalata akwati. Haɗa wayar ƙasa da rodi da aka kafa yana rage wannan, amma busasshen rairayi irin na yankin ba ya ɗaukar lantarki sosai, don haka akan kafa rodin a wuri mai danshi, kamar gindin randa ko bakin magudanar ruwa.

Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, da zarar hadari ya haɗu sai a zare eriyar daga akwati a jefa bakinta waje, domin rodi ɗaya ba ya kare ɗaki daga tsawa.