Ƙaddara ce ko sakaci? Tarihin wata gardama da ta ci rayukan malamai



Mu da muke aikin rediyo, babu kalmar da ke yawan ratsa bakinmu kamar ƙaddara. Mota ta kife tsakanin Tasawa da Takeita, ƙaddara. Gini ya faɗa wa iyali cikin damina, ƙaddara. Yaro ya faɗi bak sau uku, ita ce dai. Kuma babu musulmin da zai ja da cewa ƙaddara gaskiya ce. Amma waɗanda suka yi terminal cikinmu ba su manta ranar da mushen filo ke shigowa ya rubuta a allo ba: shin mutum yana da zaɓi, ko kuwa gani kawai yake kamar yana da shi? Nan take aji ke rabuwa, wasu su ce wannan surutun Turawa ne, wasu su ce yin tambayar ma saɓo ne.

To, ba surutun Turawa ba ne. Kusan shekaru 900 kafin a haifi Descartes ana wannan gardama a masallatan Basra da Dimashƙa, har an kashe malamai a kanta. Kuma in muka bi tarihin, za mu ga abin da ya sa ta yi zafi: duk amsar da aka bayar, ita ce ke nuna wanda za a tuhuma in abu ya lalace.

Mu fara da Sayyadina Umar. Wajen shekara ta 18 bayan hijira, 639 ke nan, ya kama hanyar Sham. Da ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai kwamandojin rundunarsa suka tarbe shi da labarin annoba ta ɓarke a ƙasar, wadda tarihi ya sani da annobar Amwas. Ya yi shawara da Muhajirai, suka saɓa. Ya yi da Ansar, su ma suka saɓa. Dattawan Ƙuraishawa suka ce a koma, ya yanke a koma. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko ƙaddarar Allah ce yake gudu. Umar ya nuna masa cewa komawar ma ba ta fita daga cikin ƙaddarar ba, ya kuma kawo masa misalin da kowane makiyayi na Abalak ko Dakoro zai gane: mai raƙuma ne ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe. Duk gefen da ya kai dabbobinsa da ƙaddara ya kai su, amma ai shi ne ke riƙe da akala. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Umar ya koma Madina. Abu Ubaida ya zauna tare da rundunarsa, annobar ta yi ajalinsa. Babu wanda ya kafirta wani.

Abin ya canza ne da mulki ya koma hannun Banu Umayya daga 661. Mawaƙan fadarsu, irin su Jarir da Farazdaƙ, sun yi ta nanata cewa Allah ne Ya damƙa wa wannan gida sarauta. Ku duba amfanin wannan magana ga mai mulki. In Allah ne Ya ɗora shi, kuma duk abin da ya aikata rubutacce ne, to talakan da aka ƙwace wa gona wa zai kai ƙara?

A Basra aka fara ja. Ma'abad al-Juhani shi ne ake cewa ya fara faɗin cewa bawa ke ƙirƙirar aikinsa. Ya shiga tawayen Ibnul Ash'as a kan gwamna Hajjaj, aka kashe shi a farkon shekarun 700. Akwai kuma wata wasiƙa da ake jinginawa ga Hasanul Basri, wanda ya rasu a 728, zuwa ga halifa Abdulmalik, inda ake cewa kada azzalumi ya jingina wa Allah zaluncinsa. Masu bincike suna gardama ko shi ya rubuta ta, amma yadda ta yaɗu ya isa ya nuna abin da ke cin ran mutane a lokacin. Sai Gailan na Dimashƙa, ma'aikacin gwamnati ne shi, ya riƙa faɗin irin wannan magana a cikin babban birnin daular. A zamanin halifa Hisham, wanda ya yi mulki daga 724 zuwa 743, aka haɗa shi muƙabala da Imam Auza'i, bayan nan aka yanke masa hannuwa da ƙafafu aka tsire shi. Shekara ɗaya bayan rasuwar Hisham, a 744, mabiyan wannan ra'ayi, da ake kira Ƙadariyya, suka mara wa Yazidu na uku baya ya kifar da ɗan uwansa Walidu na biyu. Ya hau mumbari ya yi alkawarin ba zai gina fada ba, ba zai tara dukiya ba, in kuma ya saɓa a tsige shi. Wata shida ya yi ya rasu.

Nan ne mutum zai so ya ce, to shi ke nan, masu cewa akwai zaɓi su ne na talakawa, masu cewa babu su ne na fada. Tarihi bai ba mu wannan sauƙin ba. Jahmu ɗan Safwan, wanda ya fi kowa tsanantawa cewa mutum ba shi da wani iko, yana ganin cewa “wane ya yi kaza” daidai yake da cewa rana ta fito ko itace ya yi ƴaƴa, shi kansa ɗan tawaye ne. Magatakardan Haris ɗan Suraij ne a Hurasan, kuma sojojin Banu Umayya suka kashe shi a 746. Mutumin da ya ce babu zaɓi, ya zaɓi ɗaukar makami.

Ɗaya ɓangaren ma bai fita da hannu fari ba. Mu'utazilawa, magadan Ƙadariyya, sun ce Allah mai adalci ba zai azabtar da bawa a kan abin da ya tilasta masa ba. Magana mai kama hankali. Amma da fada ta zama tasu a Bagadaza, halifa Ma'amun ya kafa jarrabawar aƙida a 833, a kan batun ko Alƙur'ani halitta ne, kuma a zamanin Mu'utasim aka yi wa Imam Ahmad ɗan Hambali bulala. Sai da Mutawakkil ya hau kafin a daina. Waɗanda suka ce mutum yana da ƴancin zaɓi su ne suka zane mutum don ya zaɓi ra'ayin da ba nasu ba.

Amsar da ta iso gare mu ta fito ne daga Abul Hasan al-Ash'ari, haifaffen Basra, wanda ya yi karatu wurin babban malamin Mu'utazilawa, Jubba'i, har ya kai kimanin shekara 40 kafin ya bar su. Ya rasu wajen 936. Shi ya ce Allah ke halitta aiki, bawa kuma yana “kasabi”, wato yana ɗaukar aikin ya zama nasa ta hanyar nufi da ikon da aka halitta masa a daidai lokacin. Hujjarsa mai sauƙi ce: kowa ya san bambancin hannun da ke karkarwa saboda zazzaɓi da hannun da ya miƙa ya ɗauki kuɗin wani. Na biyun shi ake yi wa hisabi. Gaskiya dai bayanin yana da santsi, har Larabawa kan yi ba'a da shi, in abu ya cika wuyar kamawa su ce ya fi kasabin Ash'ari siriri.

Abin da ya fi ba mu mamaki a wannan makaranta shi ne yadda suka ɗauki lokaci. Malamanta irin su Baƙillani, wanda ya rasu a 1013, suna ganin siffofin da ke jikin abubuwa, launi, zafi, motsi, rai, ba sa wuce ɗan kyaftawa guda, sai an sake halitta su. Ke nan jiya ba ita ke haifar da yau ba, kuma wuta ba ita ke ƙona auduga da ƙarfin kanta ba. Al'ada ce Allah Ya gudanar, duk lokacin da suka haɗu Ya halitta ƙuna. Kamar fim ne, hotuna ne tsayayyu ake jerawa da sauri mu kuma mu ga motsi.

Ta Arewacin Afirka wannan karatu ya gangaro. Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da babin aƙida take buɗewa, imani da ƙaddara yana ciki. Muhammadu Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya taƙaita aƙidar Ash'ari a cikin Ummul Barahin, ɗan littafin da har yau ake biyawa a zaurukan Damagaram da Agadas. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da aka haifa a Marata kusa da Galmi a 1754, ya tarar da wasu malamai suna kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba, ya yi rubutu ya ƙaryata su. Kuma shi da ya yi imani da ƙaddara ɗari bisa ɗari, bai ce harajin zalunci na sarakunan Gobir rubutacce ne a yi haƙuri ba. Lissafa shi ya yi ɗaya bayan ɗaya a matsayin laifin masu karɓa.

Turawa sun zo daga baya da nasu kayan aiki. Spinoza ya ce da dutsen da aka jefa yana da hankali, da ya ɗauka shi ya ga dama ya tashi. Laplace a 1814 ya ce wanda ya san wurin kowane ƙwayar abu da ƙarfin da ke tura shi, gobe a wurinsa kamar jiya take. A 1983 Benjamin Libet a Amurka ya sa mutane su motsa hannu duk lokacin da suka ga dama, ya auna ya ga ƙwaƙwalwa ta fara shiri kimanin sulusin daƙiƙa kafin mutum ya ji ya yi niyya. An yi ta yayata cewa kimiyya ta kashe zaɓi. A 2012 Aaron Schurger da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa wannan alama tana iya zama kai-komon da ƙwaƙwalwa ke yi kullum, ba shawarar da aka riga aka yanke ba. Motsa yatsa dai daban, shawarar sayar da gona ko sa hannu a kwangila daban.

Mu dawo gida. Hausa tana da karin magana biyu da ke zaune lafiya da juna: ƙaddara ta riga fata, da kuma Allah Ya ce tashi in taimake ka. Abin lura shi ne wa ke jawo wace, kuma yaushe. Farin 1973 ba wanda ya kira shi. Amma da Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974, cikin dalilan da sojoji suka bayar akwai yadda aka karkatar da taimakon abinci alhali mutane suna mutuwa. Ba mu ce juyin mulki magani ba ne, ko kaɗan. Muna nuna cewa ko a lokacin an raba rashin ruwa da ɓoye buhu.

Haka a 2005. Damina ta 2004 ta gaza, fara ta sauka, wannan daga sama ne. Amma jihar Maraɗi, rumbun ƙasa, ita ce ta cika da yara masu tamowa alhali hatsi yana kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. An daɗe ana sayar da hatsi da rangwame ga mutanen da ba su da ko dala, kafin a yarda a raba kyauta. A watan Agusta shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a ƙasar. A wannan shekarar ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000.

A farkon wannan shekarar kuma aka ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan madara, fulawa, ruwa da wuta. Wannan karon babu wanda ya tsaya neman fatawa ko rubutacce ne. Ƴan kasuwa, ƴan tasha da mahauta, mutanen da ke cika sahun farko a masallaci, suka rufe shaguna a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa. A watan Afrilu gwamnati ta janye harajin daga kan madara da fulawa.