"The Great Gatsby": littafin da ya auna soyayya da dukiya a Amurka

"The Great Gatsby" ƙagaggen labari ne na marubucin Amurka F. Scott Fitzgerald, wanda kamfanin ɗab'i na Charles Scribner's Sons ya fitar a birnin New York ranar 10 ga Afrilun 1925. Masu karatu da Faransanci sun fi saninsa da sunan "Gatsby le Magnifique", tun daga fassarar da Victor Llona ya yi a 1926. Littafin gajere ne, babi tara kacal, amma ana lissafa shi cikin manyan ayyukan adabin Amurka na ƙarni na 20, kuma har yau ana koyar da shi a makarantun sakandare da jami'o'i.

Marubucin da zamaninsa

An haifi Fitzgerald a 1896 a St. Paul ta jihar Minnesota. Ya yi karatu a Jami'ar Princeton bai kammala ba, ya shiga soja lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sau biyu rashin kuɗi yana shiga tsakaninsa da macen da yake so. Ta farko Ginevra King, ƴar wani attajirin Chicago, wadda soyayyarsu ta watse. Ta biyu Zelda Sayre, wadda ta fasa baikonsu a 1919, sai da littafinsa na farko ya samu karɓuwa a 1920 aka ɗaura aure. Wannan ciwon ne ya zama ƙashin bayan labarin Gatsby. Mafi yawan rubutun kuwa a Faransa ya yi shi, a 1924, a yankin Saint-Raphaël na gaɓar tekun Bahar Rum.

Labarin ya faru ne a bazarar 1922. Yaƙi ya ƙare, kasuwar hannun jari tana bunƙasa, kuma dokar haramta sayar da giya da ta fara aiki a 1920 ta buɗe wa ƴan fasa-ƙwauri hanyar kuɗancewa dare ɗaya.

Labarin a taƙaice

Mai ba da labarin shi ne Nick Carraway, saurayin da ya zo New York aikin dillancin takardun lamuni, ya kama hayar ɗan ƙaramin gida a West Egg, a tsibirin Long Island. Maƙwabcinsa Jay Gatsby attajiri ne mai katafaren gida, wanda ke shirya shagali kowane ƙarshen mako. Jama'a na tururuwa ba tare da gayyata ba, suna ci suna sha suna tsegumi a kan mai gidan, don babu wanda ya san asalinsa ko tushen arzikinsa.

A ƙetaren ruwa, a East Egg, Daisy ƴar'uwar Nick ke zaune da mijinta Tom Buchanan, wanda ya gaji dukiya iyaye da kakanni. A hankali Nick ya gane cewa duk shagalin nan tarko ne da aka ɗana domin mutum ɗaya. Gatsby ya so Daisy a Louisville a 1917, yana ƙaramin hafsan soja marar ko sisi. Ya tafi yaƙi, ita kuma ta auri Tom a 1919. Ya sayi gidan ne don kawai yana kallon nata.

Nick ya haɗa su, soyayya ta farfaɗo. Amma a wani ɗaki na otel ɗin Plaza, Tom ya tona cewa kuɗin Gatsby na fasa-ƙwaurin giya ne, Daisy kuma ta kasa furta abin da Gatsby yake so ta furta, wato cewa ba ta taɓa son mijinta ba. A hanyar komawa, Daisy tana tuƙa motar Gatsby ta kaɗe Myrtle Wilson, farkar Tom, ba ta tsaya ba. Gatsby ya ƙudurta ɗaukar laifin. Tom ya nuna wa mijin matar, George Wilson, mai motar. George ya harbe Gatsby a wurin ninƙayarsa, sannan ya kashe kansa. Tom da Daisy suka tattara kaya suka yi tafiyarsu. Cikin ɗaruruwan da suka ci abincin Gatsby, mutum ɗaya ne ya halarci jana'izarsa, ban da Nick da mahaifin mamacin da wasu ƴan tsiraru, galibi barorin gida.

Tsohon arziki da sabon arziki

Fitzgerald ya kasa mutanen littafin gida uku, kowane da mazauninsa. East Egg ta masu gadon dukiya ce. West Egg ta waɗanda suka samu jiya-jiya ce. Tsakaninsu da birnin akwai "kwarin toka", wato jujin da ake zubar da tokar New York, inda George Wilson ke da garejinsa. Masu kuɗi kan ratsa wurin a mota ko jirgin ƙasa, talakawa kuma a nan suke kwana suke tashi.

Abin da labarin ke nunawa shi ne kuɗi kaɗai ba sa ƙetarar da mutum daga West Egg zuwa East Egg. Sunan Gatsby na yanka James Gatz, ɗan manoma talakawa ne daga North Dakota. Yana da shekara 17 ya sauya suna, ya koyi zama da manya a jirgin ruwan attajiri Dan Cody. Ya tara kuɗi, ya sayi gida da tufafi daga Ingila, amma kalar kwat ɗinsa da yanayin maganarsa sun ishi Tom ya gane baƙo ne. Idan aka ƙirga waɗanda suka mutu, Gatsby da Myrtle da George, duka ƴaƴan talakawa ne, biyu daga cikinsu kuma masu neman hawa sama. Waɗanda aka haifa a sama ko ƙwarzane ba su samu ba.

Tom ba dukiya kaɗai yake karewa ba. Tun a babin farko yana yabon wani littafi mai iƙirarin fifikon farar fata, ra'ayin da ya yi tashe a lokacin har ya taimaka wajen kafa dokar taƙaita shige da fice ta 1924. Tsoronsa ga Gatsby da tsoronsa ga baƙi da baƙar fata tushensu ɗaya.

Soyayya ce ko buri?

Nan ne masu nazari suka fi kai ruwa rana. Babu shakka Gatsby ya riƙe amana: shekara biyar yana jira, ya kuma kare Daisy har ya rasa ransa. Sai dai littafin ya nuna cewa tun farko ba ya iya raba Daisy da gidan iyayenta da ƙawarsa da kwanciyar hankalin waɗanda ba su san babu ba. Ita ce macen farko mai irin wannan asali da ya kusanta. Son ta da son matsayinta sun cakuɗe, har shi kansa ba zai iya tsefe su ba.

Kuskurensa mafi girma game da lokaci ne. Bai gamsu Daisy ta dawo gare shi ba, so yake a shafe shekaru biyar ɗin kamar ba a yi su ba, alhali akwai aure, akwai ƴa. Nick ya gargaɗe shi cewa jiya ba ta dawowa, ya ƙi ji. Hausawa kan ce son maso wani ƙoshin wahala, amma lamarin Gatsby ya fi haka tsanani, domin Daisy tana son sa gwargwadon iyawarta. Macen da yake bauta wa ta 1917 ce, wadda ya ƙara wa ado a zuciyarsa har ta fi ƙarfin kowace mace mai rai.

Ita ma Daisy ba a yanke mata hukunci cikin gaggawa. Ta tashi a zamanin da tsaron mace irinta yake hannun miji, ta san Tom yana cin amanarta, kuma a daren jajibirin aurenta ta so ta mayar da sarƙar lu'ulu'un da ya ba ta bayan wata wasiƙa ta iso. Washegari aka ɗaura auren. Zaɓin da ta yi a ƙarshe shi ne irin wanda ta yi tun farko.

Alamomi da mai ba da labari

Alamomi biyu suka fi fice. Ta farko koren fitilar da ke bakin ruwa a gidan Daisy, wadda Gatsby ke miƙa wa hannu da dare. Tana wakiltar abin da ake hange ba a kai gare shi ba, kuma Nick ya lura cewa darajarta ta ragu da zarar Daisy ta tsaya kusa da Gatsby. Ta biyu tsohon allon tallan wani likitan ido, T. J. Eckleburg, mai manyan idanu da ke kallon kwarin toka. George Wilson, cikin baƙin ciki, ya ɗauke su idanun Ubangiji. A duniyar da ciniki ya mamaye, allon talla ne ya rage a matsayin mai shaida.

Shi kuwa Nick, yana gabatar da kansa a matsayin mai gaskiya marar saurin hukunci, amma shi ya shirya haɗuwar matar aure da tsohon saurayinta, ya kuma rufe bakinsa kan wanda ya tuƙa motar. Saboda haka mai karatu na da damar tambaya ko girman da ke cikin sunan littafin na Gatsby ne, ko kuwa Nick ne ya ɗora masa.

Yadda aka karɓe shi

Littafin bai yi kasuwa ba da farko, kusan kwafi 20,000 aka sayar a shekarar fitowarsa. Fitzgerald ya rasu a Hollywood a Disamban 1940 yana da shekara 44, yana ganin an manta da shi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu aka raba wa sojojin Amurka kwafi kimanin 155,000, daga nan tauraronsa ya haska. Rugujewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta kuma sa mutane suka riƙa karanta shi a matsayin gargaɗin da ya riga faruwar abu. An mayar da shi fim sau da dama, ciki har da na 1974 da Robert Redford ya fito, da na Baz Luhrmann na 2013 da Leonardo DiCaprio. Tun 1 ga Janairun 2021 haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka, don haka ana samun asalin Ingilishinsa kyauta a intanet.