Amahagga da Sarauniyar Wuta: Tarihin Al'ummar da Alƙalami ya Haifa

A cikin watan Oktoba na shekarar 1886 wata mujalla mai hotuna ta birnin Landan, wadda ake kira The Graphic, ta soma buga wani labari kashi-kashi, mako bayan mako, har zuwa Janairun 1887, sa'an nan aka tattara shi ya zama littafi guda mai suna She, wato Ita. Marubucinsa, Henry Rider Haggard, yana da shekara talatin a lokacin, ya kuwa gama rubutun cikin misalin mako shida. A wannan littafi ne mutane suka fara jin sunan Amahagga, ma'abota duwatsu, al'ummar da nasabarta ta wajen uwa take, mace ke zaɓen mijinta, a bisansu kuma akwai sarauniyar da ta yi wanka da wuta ta rayu fiye da shekara dubu biyu ba tare da tsufa ya taɓa ta ba. Ko da mutum zai ƙare ƙarfinsa yana yawo a gabashin Afirka ba zai sami kufansu ba, domin ba su taɓa zama a bayan ƙasa ba. Duk da haka suna da tarihi, tun da yake ƙagaggen abu ma yana da asali, da wanda ya ƙaga shi, da zamanin da ya sa aka gaskata shi, kuma wannan tarihi ya shafe mu mutanen Afirka fiye da yadda ya shafi waɗanda aka rubuta wa littafin.

Haggard ɗan wani mai gonaki ne na lardin Norfolk a Ingila, an haife shi a 1856. Da yake bai yi fice a makaranta ba, sai mahaifinsa ya nema masa aiki a 1875 cikin ma'aikatan Sir Henry Bulwer, gwamnan Natal, a kudancin Afirka. Bayan shekara biyu yana cikin tawagar Theophilus Shepstone wadda ta haɗa ƙasar Transvaal da daular Ingila, har ma yana daga cikin waɗanda suka ɗaga tutar Ingila a Firitoriya. Ya ga Zulu da idonsa, ya ji labaran sarakunansu, ya zauna a kotu yana rubuta shari'o'i, kafin ya koma gida gaba ɗaya a 1881. Saboda haka ba za a ce jahilci ne ya sa ya rubuta abin da ya rubuta ba. Mutum ne wanda ya sha ruwan ƙasar, ya san abin da ya ɗauka daga cikinta da abin da ya bari.

Ƙissar kanta ta soma ne a Jami'ar Kambirij, inda wani malami mai suna Holly ya yi riƙon wani maraya, Leo, bisa wasiyyar mahaifin yaron cewa kada a buɗe wani akwatin ƙarfe sai ranar da ya cika shekara ashirin da biyar. Da aka buɗe sai ga wani tsingaro mai rubutun Yunananci, wanda wata gimbiyar Masar ta bar wa zuriyarta, tana ba da labarin yadda wata sarauniya a can cikin Afirka ta kashe mata miji, Kallikrates, don ya ƙi amsa soyayyarta. Haggard ya kai ga sa aka ƙera masa tsingaron na gaske, da rubutunsa da tsagewarsa, aka buga hotonsa a littafin, domin mai karatu ya ji kamar hujja ce yake riƙe da ita a hannu. Daga nan Holly da Leo da baransu Job suka shiga jirgin ruwa, jirgin ya nutse a gaɓar da ke arewa da bakin kogin Zambezi, suka ratsa fadama mai sauro da zazzaɓi tare da wani Balarabe matuƙi mai suna Mahomed, har suka faɗa hannun Amahagga.

A nan ne marubucin ya zauna ya shimfiɗa al'adun mutanensa dalla-dalla, kamar yadda matafiyan zamaninsa suke yi a littattafan tafiye-tafiyensu. Dogaye ne, kyawawa, amma fuskarsu a murtuke take, ba a ganin murmushinsu; harshensu gurɓataccen Larabci ne; gidajensu kogunan dutse ne waɗanda wata tsohuwar al'umma ta birnin Kôr ta sassaƙa don binne matattu, kafin annoba ta share ta. Sun kasu gida-gida, ko wane gida da dattijon da ake kira Uba, alhali kuwa ba a lissafa nasaba ta wajen uba ko kaɗan, mutum da kakanninsa mata yake alfahari. Idan mace ta ga namijin da ya kwanta mata a rai, sai ta fito a bainar jama'a ta rungume shi ta sumbace shi; in ya mayar mata, aure ya ƙullu, babu waliyyi, babu sadaki, babu shaidu sai idon taro, kuma yana nan har sai ɗayansu ya gaji. Haka wata budurwa mai suna Ustane ta yi wa Leo tun ranar farko. Sai dai marubucin bai bar wannan martaba ta mata ta tsaya da ƙafarta ba, domin ya sa dattijo Billali ya bayyana wa Holly cewa maza suna girmama matan ne har ranar da suka ga abin ya ishe su, sa'an nan, kamar sau ɗaya a tsakanin ƙarni biyu na haihuwa, su tashi su karkashe tsofaffin don ƙanana su shiga taitayinsu. Duk mai lura zai gane abin da ake so ya fahimta, wato mulkin mata wani aro ne da maza suka ba da, suna kuwa iya karɓewa da wuƙa.

Wuta ita ce zaren da ya ɗinke littafin daga farko har ƙarshe, kuma ta zo a siffa uku. Ta farko ita ce tukunya. An gayyaci baƙin zuwa wata liyafa a cikin kogo, mutane sun zauna sun kewaye wuta shiru, ana zagayawa da giya, babu abinci a gaban kowa. Wata mace ta matso kusa da Mahomed tana shafa shi tana yi masa daɗin baki, shi kuwa jikinsa na ɓari. Can sai mutum biyu suka sa manyan awartaki suka ciro wata tukunyar ƙasa daga tsakiyar garwashi, ta yi jawur har tana neman yin fari, suka nufo shi za su kife masa ita a ka, domin haka suke yi wa baƙo kafin su ci namansa. Holly ya harbi matar, harsashin ya ratsa ta ya kashe Mahomed. Ta biyu ita ce daren rawa, lokacin da aka ɗauko busassun gawawwakin mutanen Kôr, waɗanda maganin da aka shafe su da shi yake ci kamar mai, aka cinna musu wuta aka kakkafa su a matsayin jiniya. Waɗannan biyun su ne rabon baƙaƙen talakawa a wajen marubucin, wutar ƙeta da wulakanta mamaci.

Ta uku kuwa ya ajiye ta domin sarauniya kaɗai. Sunanta Ayesha, wato A'isha, amma talakawanta ba sa ambaton sunan, sai dai su ce Hiya, kalmar Larabci mai ma'anar ita, su ƙara da cewa ita ce wadda biyayya gare ta wajibi ce. Balarabiyar Yaman ce, fara sol, tana lulluɓe da farin mayafi har fuska, bayinta kurame ne bebaye, masu zuwa gaishe ta da rarrafe suke shiga. Tana da kwano na ruwa wanda take ganin abin da ke nesa a cikinsa, ta warkar da Leo bayan ya kai gargara, kuma da nuni kawai ta kashe Ustane saboda kishi, bayan ta riga ta bar mata farin tabon yatsu uku a gashi. Ita da bakinta ta ƙi a kira wannan sihiri, ta ce sanin asiran halitta ne. Tushen ikonta wani ginshiƙin wuta ne mai juyawa, a can ƙarƙashin wani dutse mai aman wuta da ya mutu, wanda ba a isa gare shi sai an ƙetare rami marar iyaka a kan katako guda. Yana zuwa da ruri kamar aradu, ya wuce, ya sake dawowa. A cikinsa ta tsaya sau ɗaya ta sami tsawon rai, ta zauna tana jiran Kallikrates ya dawo duniya, ta kuwa yi imani Leo shi ne. Da Leo ya yi shakkar shiga, sai ta tuɓe ta shiga karo na biyu don ta nuna masa babu cuta. Wutar ta ƙwace abin da ta bayar: a gaban idonsu gashinta ya zube, fatarta ta yanƙwane, jikinta ya ƙanƙance, nauyin shekara dubu biyu ya sauko mata cikin ɗan lokaci, ta mutu, Job kuma tsoro ya kashe shi nan take. Wannan wuri, in za a faɗi gaskiya, an rubuta shi da gwaninta, kuma shi ya sa littafin bai mutu ba.

To, daga ina aka samo duk wannan? Abu na farko, malaman Turai na wancan zamani sun shagala da wani ra'ayi cewa ɗan Adam ya fara ne da nasabar uwa kafin ya waye ya koma ta uba. Bachofen na Suwizalan ya rubuta haka a 1861, Lewis Henry Morgan na Amurka ya bi da nasa a 1877. Bisa wannan ƙiyasi, duk al'ummar da ke gado ta wajen uwa saura ce daga zamanin jahiliyyar farko, shi ya sa Haggard bai ga wani aibu ba da ya haɗa nasabar uwa da cin naman mutane a tukunya guda. Abu na biyu, a 1871 wani Bajamushe, Karl Mauch, ya isa kangon ginin dutse na Zimbabwe, ya ce aikin zamanin Sarauniyar Saba ne, domin zuciyarsa ba ta yarda baƙar fata zai iya irin wannan gini ba. Birnin Kôr ɗan wannan zato ne. Sai a 1905 David Randall-MacIver, sa'an nan Gertrude Caton-Thompson a 1929, suka tona ƙasa suka tabbatar cewa 'yan Afirka ne suka gina Zimbabwe. Abu na uku, shekarar da littafin ya fito ita ce Sarauniya Biktoriya ta cika shekara hamsin a gadon sarauta, ana kuma ta muhawara a Ingila kan haƙƙin mata. A cikin labarin ma Ayesha ta ƙudura zuwa Ingila ta kawar da sarauniyarsu, abin da ya firgita Holly ƙwarai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata sarauniya ta haƙiƙa. A arewacin Transvaal ɗin nan da Haggard ya yi aiki, inda yau ake kira lardin Limpopo, akwai al'ummar Balobedu, waɗanda tun wajen 1800 mace ke mulkinsu da laƙabin Modjadji, sarautar tana bi daga mace zuwa mace. Ba ta fita a gan ta, shi ya sa jita-jita ta bazu cewa ba ta mutuwa, kuma masana da yawa suna ganin daga labarinta Haggard ya ɗebo nasa. Masalanabo, Modjadji ta biyu, ita ke kan gado tun daga 1854 har tsakiyar shekarun 1890. Ƙarfinta ba na mashi ba ne. Mutanenta da maƙwabtansu sun yi imani ruwan sama a hannunta yake, saboda haka sarakunan da suka fi ta mayaƙa suke aiko da kyautai suna neman damina, ita kuma tana ƙulla zumunci da gundumomi ta hanyar 'yan matan da ake kawowa fadarta da sunan matan sarauniya. A matsayinmu na Musulmi mun san mai saukar da ruwa Allah ne shi kaɗai, amma maganar da ake yi a nan ta siyasa ce: ƙaramar ƙasa ta tsare kanta shekaru masu yawa da hikima da sulhu, kamar yadda Eileen Krige da mijinta suka bayyana a bincikensu na 1943. Wannan baƙar mace, wadda sunanta ke tafe da damina da albarkar gona, ita ce alƙalamin Haggard ya mayar farar baƙuwa mai ƙona talakawanta da tsoro, ya musanya ruwa da wuta.

Mu a wannan yanki ba sai an zo daga nesa an gaya mana yadda irin waɗannan al'ummu suke ba. Ibn Baɗɗuɗa, da ya sauka Walata a 1352, ya tarar da Musulmi masu kiyaye salla da karatun fiƙihu, waɗanda mutum ke danganta kansa ga kawunsa na wajen uwa, ɗan 'yar'uwa kuma ke cin gado. Ya yi mamaki, ya yi inkari, amma bai ce sun fita daga mutuntaka ba. Fataken goro da suka zauna a zangon Kumasi sun san Asante ta ɗakin uwa suke naɗa sarki, kuma Yaa Asantewaa ce ta jagoranci yaƙinsu da Ingilishi a 1900. Labarin Daura kansa da jerin magajiyoyi irin su Daurama ya fara, kafin Bayajida ya iso rijiyar Kusugu.

Haggard ya ƙara littattafai uku a kan Ayesha, a 1905 da 1921 da 1923, ya rasu a 1925. An mayar da labarin majigi sau da dama, ciki har da na 1935 da na 1965, kuma daga gare shi marubutan almara na baya suka gaji ɓataccen birni da sarauniyar da ba ta mutuwa, har ya zama samarinmu suna cin karo da jikokin Amahagga a fina-finai da wasannin kwamfuta ba su san kakarsu ba. Ina roƙon malamanmu na tarihi da masu rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, idan za su ba yara labarin macen da ta yi mulki a Afirka, su fara da Modjadji da Daurama da Yaa Asantewaa, da sunayensu da ƙasashensu da shekarunsu, kafin su kai ga Ayesha.