GIDAN WASAN DA GANGUNA SUKA TSARE

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, musamman waɗanda suka yi ƙungiyar wasan kwaikwayo a makaranta, ga tarihin wani gidan wasa da ya tsira ta hanyar da ba a zata ba.

A gabashin Ingila, cikin lardin Suffolk, akwai wani gari da ake kira Bury St Edmunds. A nan aka buɗe Theatre Royal a watan Oktoba na 1819. Mai shi, William Wilkins, shi ya zana ginin da kansa, kuma shi ne daga baya ya zana National Gallery ta Landan. Yana da 'yan wasa masu zagaya garuruwan yankin, su Norwich da Ipswich, sai su sauka Bury da kaka, lokacin kasuwar shekara, sa'ad da gari ya cika da baƙi. Masu hali su zauna a 'yan ɗakunan da suka kewaye zauren, talakawa kuwa can sama, dab da rufin da aka yi wa fenti kamar sararin samaniya. A wannan dandali aka fara nuna wasan barkwancin nan, Charley's Aunt, a 1892.

Da silima ta zo, sai kasuwa ta mutu. Aka rufe gidan a 1925. Maƙwabcinsa, kamfanin giya na Greene King, wanda ya saye shi tun 1920, ya mayar da shi sito, ya jibge ganguna a ciki wajen shekara arba'in. Wulaƙanci ne, ba shakka. Amma fa gidajen wasa na zamaninsa da suka ci gaba da kawo kuɗi, rushe su aka yi ko aka sāke musu fasali. Wannan kuwa ba wanda ya damu da shi balle ya gyara shi ya ɓata, shi ya sa a duk Ingila shi kaɗai ya rage cikin tsaransa.

Mutanen garin ne suka tashi da kansu suka yi karo-karo, aka sake buɗe shi a 1965. A 1975 kamfanin ya ba hukumar adana kayan tarihi ta National Trust hayarsa ta shekara 999. Daga 2005 zuwa 2007 aka sake rufe shi, aka mayar da cikinsa yadda Wilkins ya tsara, sannan aka koma wasanni da kiɗe-kiɗe.